Daga Karan Dawa Zuwa Curin Takarda: Tarihin Wutar Girki A Garin Bauchi



Kwanan nan maganar curin takarda ta yawaita a tsakaninmu. Ga wanda bai ji ba, dabara ce ta jiƙa tsohuwar jarida a ruwa har ta yi laushi, a kirɓa ta, a matse ta a cikin gwangwani ko bututu, a shanya, in ta bushe a sa a murhu a madadin itace. Wasu matasanmu sun ga ana yi a bidiyoyin ƙasashen waje, sun kawo shawarar a koya wa iyayenmu mata, har ana maganar a ciri wani abu daga asusun ƙungiya a ƙera abin matsewa. Niyya ce mai kyau. Amma kafin a taɓa kuɗin jama'a, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda garin nan ya yi ta sauya abin da yake hura wuta da shi, domin ba wannan ne karo na farko da tsada ta sa mutanen Bauchi neman dabara ba.

Lokacin da Malam Yakubu ya taso daga Inkil ya kafa garin nan wajen shekarar 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi tara, daji a bakin ƙofa yake. Wanda ya fita ta Ƙofar Dumi ko Ƙofar Tirwun ko Ƙofar Wase ba ya yin nisa zai haɗa dami ya dawo. Mutanen ƙauye kan shigo da itace a ka ko a bayan jaki, kuma ba kowane itace ake saye ba. Matar gida ta san marke, wanda ke ci a hankali ya bar garwashi mai daɗewa, ta san taramniya, ta kuma san itacen da in an sa shi sai hayaƙi da hawaye. Akwai itatuwan da ba a sara musu gatari sai in sun mutu da kansu: ɗorawa saboda kalwa da daddawa, kaɗanya saboda mai, tsamiya saboda kunu, kuka saboda miya. Ba sai an rubuta doka ba, wanda ya sare ɗorawa mai rai ya san abin da ya taɓa.

Gawayi kuwa a wancan zamani ba na girki ba ne. Na maƙera ne, su ke shiga daji su ƙona ƙirya saboda zafin da ƙarfe ke buƙata. Daga baya masu wanki da guga da teloli suka shigo da dutsen guga. Tuwon gida bai san gawayi ba.

Abin da muka fi so matasa su lura da shi shi ne, ko a lokacin da daji ke cike, kakanninmu ba su dogara da itace kaɗai ba. Da an yi girbi ake tara karan dawa da na gero, a yi darni da mai kyau, a ba dabbobi ganye, sauran ya shiga murhu. Da masara ta yaɗu aka ƙara da totuwa. Akwai kandilo, wato busasshen kashin shanu, wanda makiyaya da masu gasa tukwane suka daɗe da sanin amfaninsa. Wutar da almajirai ke kewayewa da allunansu da daddare ta kara ce da ƙirare, su ke zuwa su ɗebo da rana. Tokar ma ba a zubarwa haka nan, ana tace ruwan toka don miya, ana yin sabulu, ragowar ta tafi gona. To ashe ƙona ragowar amfanin gona ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu ne muka bar shi da muka zama 'yan birni.

Turawa sun shigo Bauchi a 1902, kuma a zamaninsu ne daji ya zama abin da ake shata wa iyaka a takarda. Aka keɓe gandun daji, En'e ta ɗauki malaman daji, sare wasu itatuwa ya koma sai da izini. A 1956 aka keɓe Yankari, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962. A zamanin ne kuma darbejiya, wadda aka shigo da ita ta Borno wajen 1928, ta bazu a titunanmu da harabar makarantu, har yau yara ke zaton tun fil azal tana nan. Amma abin da ya fi dokar daji tasiri shi ne hanya. Ƙaramin jirgin ƙasan nan da aka laƙaba wa sunan Bauchi, wanda ya taso daga Zariya zuwa wuraren haƙar kuza na Jos da Bukuru, bai taɓa zuwa garin nan ba. Sai a 1961 dogo ya iso mana, a kan hanyarsa ta zuwa Gombe da Maiduguri. Da dogo da kwalta da manyan motoci, nisan da jaki ke iya yi ya daina zama iyakar inda ake saro itace. Daji mai nisan mil talatin ya zama kamar na bayan gida.

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, garin nan ya zama hedikwata. Ma'aikata suka cika gari, gidaje suka tsallake ganuwa suka nufi Yelwa da Fadamar Mada da sauran wuraren da iyayenmu suka sani a matsayin gonaki. Jami'a ta zo a 1980, a shekarar da aka buɗe matatar mai ta Kaduna. Wannan shi ne zamanin kananzir. Da can fitilar ƙwai kawai ake zuba wa, yanzu sai ga risho a cikin kayan ɗakin kowace amarya. Kananzir yana da arha, ba ya baƙanta tukunya kamar itace, ana iya girki a ɗakin haya. Mutane da yawa sun ɗauka an yi sallama da murhun duwatsu uku.

Ba a yi ba. Risho na tukunyar mutum huɗu ne ko biyar. Babban gida mai mutum ashirin, da girkin suna da biki, da makarantun kwana, da gidajen burodi, da masu tsire da balangu, duk a kan itace suka tsaya. Masar Bauchi da muke alfahari da ita har Kano da Abuja, a kan wutar itace ta yi sunanta. Kananzir bai kori itace ba, raba musu aiki aka yi, kuma garin na ta ƙara girma. A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Bauchi sun kusa rabin miliyan.

Sai aka shiga shekarun wahala. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, da hawan Janar Sani Abacha a Nuwamban shekarar, ma'aikatan mai sun tafi yajin aiki a Yulin 1994, kuma ƙarancin mai da kananzir ya yi ta dawowa har ƙarshen mulkin. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun tuna layin galan a gidajen mai. A nan ne aka samu murhun da jama'a a faɗin ƙasar nan suka sa wa sunan Abacha. Gwangwani ne babba da aka huda a gefe ta ƙasa. Sai a tsayar da kwalba ko guntun taɓarya a tsakiya, a zura wani icce ta hudar gefe har ya taɓa ta, a zuba garin katako a daddanna shi sosai, sannan a zare su a hankali. Ramin da ya rage shi ne hanyar iska. In aka sa wuta ta ƙasa sai ta riƙa cin garin daga ciki zuwa waje, awa da awanni, har wake ya nuna.

Duk wanda ya taɓa danna garin katako a murhun Abacha ya riga ya yi curi, bai dai kira shi da sunan ba. Hikimar ɗaya ce: abu mai warwatsewa, wanda in an watsa shi a wuta zai kashe ta, in aka matse shi aka bar masa ƙofar iska sai ya ci kamar gungume. Akwai kuma wani darasi a wannan zamani wanda ba a cika faɗa ba. Garin katakon da masu inji ke neman wanda zai kwashe musu kyauta, da mata suka fara layi a kansa sai ya yi kuɗi. A garin nan abu yana zama shara ne kawai kafin a gano amfaninsa.

Sauran labarin a gabanmu aka yi shi. An daɗe ana cewa farashin kananzir na gwamnati Naira 50 ne lita, ko da yake kaɗan ne suka taɓa saye a haka. A Janairun 2016 aka cire masa tallafi, kafin ƙarshen 2022 lita ta haura Naira 1,000. Risho ya koma ƙarƙashin gado. Masu hali suka koma gas, aka yi ta kiran jama'a su bar itace su rungumi tukunyar gas, da yawa kuma suka amsa. Tukunya mai kilo 12.5 da ake cikawa wajen Naira 4,000 a farkon 2021 ta kai wajen 10,000 a ƙarshen 2022, ta wuce 15,000 a 2024. Cire tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023 ya taɓa har itacen, domin a mota yake zuwa. Sai kowa ya faɗa kan gawayi, abin da kakanninmu suka bar wa maƙera. Yau da wuya ka bi layi a Jahun ko Nassarawa ko Bakaro ba ka ga buhunan gawayi a ƙofar wani gida ana ƙullawa a leda ba.

Gawayi yana da daɗin aiki, babu hayaƙi sosai, kuma kilo ɗayansa ya kusa ninka kilon itace zafi. Ɓarnar tana can daji inda ba ma gani. Yadda ake ƙona shi a rami a rufe da ƙasa, sai an ci itace kilo biyar zuwa goma kafin a fitar da kilo ɗaya. Kuma mai ƙona gawayi ba busasshen reshe yake nema ba, ɗanyen itace mai nauyi yake so, shi ya sa ƙirya da marke suka yi wuyar gani, gatari ya koma kan kaɗanya da ɗorawa. Gwamnatocin jiha sun sha haramta sare itatuwa da safarar gawayi, an sha kama motoci, amma buhuna ba su daina shigowa daga dazukan Toro da Ningi da Ganjuwa da Alkaleri ba. Ba ma ganin laifin doka, sai dai doka ba ta dafa tuwo. Jiharmu na cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa ta hana kwararowar hamada, ana dashe ta arewa muna ƙonawa ta kudu. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kolmani, kan iyakar Alkaleri da Gombe, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai. Man na ƙarƙashin ƙasa, abin da ke iso wa matan Bauchi daga wannan yanki har yanzu gawayi ne.

Ga kuma lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020. Mu ba sai an ba mu lissafi ba, mun san idanun iyayenmu da tarin da suke kwana da shi.

To ina matsayin jarida a wannan labari? Ita ma tana da nata tarihin a garin nan. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma kwafi ɗaya kan zaga hannu da yawa, mai karatu ɗaya ya karanta wa zaure guda. A farkon shekarun 1940, lokacin da Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa ke zaman muhawara a Bauchi, jarida na cikin makaman da suke faɗa da su. A zamanin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950, an yi wa larduna ƙananan jaridu, ta lardin Bauchi ita ce Zumunta. Daga baya New Nigerian ta zo a 1966. A duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa samun ranar da jarida ta yi yawa a Bauchi har aka rasa yadda za a yi da ita ba. In an gama karantawa mai tsire na jira, mai ƙosai na jira, mai gyaɗa da mai kanti na jira, tela na yanka samfurin riga da ita, ɗalibi na rufe littafinsa. Har gobe ana sayar da tsohuwar jarida a kasuwa. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1980, ta tsaya tun cikin shekarun 1990, don haka takardar ma da dala ake shigo da ita. Yanzu kuma labari ya koma waya, masu sayar da jarida a shataletalen Wunti sun fi kowa sanin yadda kasuwar ta koma.

A yi lissafi mai sauƙi. Kwafin jarida ɗaya bai kai rubu'in kilo ba. In aka ƙaddara kilo ɗaya na itace ga kowane mutum a yini, gida mai mutum goma na buƙatar jarida fiye da arba'in kullum, in ma takarda na ba da zafi daidai da itace mai kyau, alhali ba ta kai ba, ga yawan toka. Waɗanda muke gani a bidiyo suna zaune ne a ƙasashen da ake jefa wa mutum takardun talla ta ƙofa kyauta kowace safiya, kuma yawancinsu ɗumama ɗaki suke yi, ba tuƙa tuwon mutum goma ba.

Akwai wani abu kuma da mai bidiyon ba zai faɗa mana ba, domin ba damuwarsa ba ce. Jaridunmu, musamman na Hausa da shafukan Juma'a, cike suke da sunan Allah da ayoyi da hadisai, haka littattafan yara na Islamiyya. An tarbiyyantar da mu in mun ga irin wannan takarda a ƙasa mu ɗauke. Malamai sun yi bayanin yadda ake kawar da ita cikin mutunci, amma babu wanda zai yarda a kirɓa ta a turmi a cuɗa da gari a hura wutar miya da ita. Duk inda za a yi wannan aiki sai an sa mai karatu ya tace takardun tukuna, in ba haka ba rana ɗaya za a yi abin da zai rufe shirin gaba ɗaya.

Duk da haka ba cewa muke a watsar da shawarar ba. Amfanin takarda a curi ba zafinta ba ne, riƙonta ne. In ta jiƙu ta narke, zarurukanta ke kama gari su ɗaure shi, kamar yadda ƙasa ke kama ciyawa a tubali. Kuma duk inda curi ya yi nasara a duniya, da abin da ya yi wa mutanen wurin yawa aka yi shi. A Amurka, a shekarun 1920, kamfanin motoci na Henry Ford ya ga ragowar katako ta taru masa, sai ya mayar da ita dunƙulen gawayi, wanda har yau ake sayarwa da sunan Kingsford. A Haiti, inda daji ya kusa ƙarewa, an koya wa manoma ƙona tuƙar rake a ganga su ɗaure garin da kokon rogo. Tambayar da ta kamace mu ita ce, mene ne ya yi mana yawa a Bauchi?

Ba kara ba ne, yana da masu shi. Garin katako ma masu kiwon kaji na saye don shimfiɗa. Abin da muka ga yana zube shi ne garin gawayin da ke taruwa a gindin buhu da wurin masu sayarwa, wanda an riga an sare itace dominsa kuma ana sharewa a zubar. Sai ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan casa, da ɓawon gyaɗa a lokacin kaka, da totuwa, da tuƙar rake a tashoshi. Ta ɓangaren takarda kuwa, kwalaye da tsofaffin takardun jarrabawa na makarantun boko da na ofisoshi sun fi jarida samuwa. Banda mai sheƙi da mai leda a jiki, hayaƙinsu ba shi da kyau.

Yadda ake yi ba wuya. A yayyaga takarda ƙanana a jiƙa kwana biyu zuwa uku, a kirɓa har ta zama kamar dame. A zuba gari ya fi takardar yawa nesa, a cuɗa. Awon yana hannu: a damƙi cikin tafi a matse, in ya tsaya da shatin yatsu bai rushe ba ya yi, in ya warwatse a ƙara takarda. A zuba a gwangwanin da aka huhhuda don ruwa ya fita, a tsayar da sanda a tsakiya, a danna da ƙarfi, a fitar. Wannan rami na tsakiya shi ne na murhun Abacha, kada a raina shi, shi ke sa curin ya bushe da wuri ya kuma ci da harshen wuta. Ɓuntu da ɓawon gyaɗa sun fi kyau in an fara ƙona su a ganga mai huda, a rufe ta a toshe da ƙasa da zarar farin hayaƙin ya ragu, su zama baƙi ba toka ba. Ɗanyen ɓuntu ba ya son ci, tokarsa kuma ta yi yawa. Inda babu takarda, ɗan kokon rogo na yin aikin ɗaurin. Kuma curin gawayi gawayi ne, kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi.

Ba a buƙatar inji a farko. Turmi ɗaya da aka ware, da gwangwanaye, da gidaje biyar da za su yarda su yi girki da shi wata guda su faɗi gaskiyar abin da suka gani, sun isa a san ko ya cancanci a kira mai walda. Lokacin yi kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu ne, sa'ad da iska da rana ke busar da curi a cikin 'yan kwanaki. A watan Agusta, lokacin da itace ke jiƙe kuma gawayi ya fi tsada, curi ba ya bushewa, sai ya yi fumfuna ya ruguje, don haka na damina tun bazara ake ajiye shi a buhu a ɗora a kan dakali. Waɗanda za su je wurin masu gawayi da masu injin casa kuma su yi magana da su a kan farashi na shekara guda tun yanzu, tun ana ba da garin a kan a zo a share wuri.